Kwana Nawa Ne Gabas?

Bahaushen da, in ya so ya san nisan wani gari, ba ya tambayar mil balle kilomita, domin bai san su ba, kuma ko da ya san su babu abin da za su tsinana masa. Abin da yakan tambaya shi ne, "Kwana nawa ne?" Sai a ce masa tafiyar yini ce, ko kwana uku, ko zango bakwai. In kuwa wurin kusa ne sai a ce loko ɗaya ne, wato gwargwadon inda mai kaya a ka zai kai kafin ya jingine kayansa ya numfasa. Idan mai karatu ya lura zai ga duk waɗannan ma'aunai da jikin ɗan Adam aka yanka su: da ƙafarsa, da wuyansa, da ƙishirwarsa, da kuma ƙarfin jakin da yake kora. Shi ya sa hanya ɗaya takan yi nisa iri-iri. Zangon saurayi dabam, na mai goyo dabam. Na rani dabam, na damina, lokacin da rafuka suka kawo, shi ma dabam.

Wuri ɗaya ne tak wannan tambaya ba ta da amsa a kansa, shi ne Gabas. In aka ce wane ya yi Gabas, ba mai tambayar wane gari, kowa ya san Makka ake nufi. Ba kuma mai tambayar kwana nawa, gama shekaru ake ƙidayawa, su ma ba da tabbas ba. Mai niyya yakan biya bashin da ake bin sa, ya bi gida-gida yana neman gafara, ya bar wasiyya, sa'an nan a raka shi bayan gari ana kuka kamar an ɗauki gawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa, duk da begen Madina da ke cikin waƙoƙinsa, bai sami zuwa ba har ya bar duniya a 1817. Waƙoƙin bege da malaman ƙasar Hausa suka yi ta tsarawa, waɗanda ɗaliban adabi ke nazari a yau, wani kaso na zafinsu daga nisan nan ya fito, domin mutum ba ya yi wa wurin da zai iya zuwa jibi irin wannan kuka.

Yau kuwa tambayar ta sami amsa, har da alƙaluma. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Jidda, in aka miƙe sak ba karkata, kimanin kilomita 3,400 ne, wato mil 2,100 da 'yan kai. Manyan jiragen da ke ɗaukar alhazai sukan ɗaga sama kamar kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, suna gudun da ya kai kilomita 850 a cikin awa ɗaya. In aka raba wancan nisa da wannan gudu, awa 4 ke nan. To, amma jirgi ba ya soma cikakken gudunsa tun daga ƙasa, sai ya ɗauki lokaci yana hawa, ya kuma ɗauki wani yana sassautawa kafin ya sauka. Hanyoyin da masu kula da sararin samaniya suka shata ba su miƙe kamar zare ba. Iskar can sama kuma wani lokaci takan tura shi, wani lokaci ta tare shi. Saboda haka abin da aka saba, in hanya a buɗe take, shi ne awa 4 da rabi zuwa 5. Da mutum biyu za su yi sallama a Kano, ɗaya ya shiga mota ya nufi Maiduguri, ɗaya ya shiga jirgi ya nufi Jidda, na jirgi zai sauka na mota yana kan hanya tukuna.

Lissafin yana da ban tsoro in aka gutsuttsura shi. A kowane minti ɗaya jirgin yana cin kilomita 14. Zangon ayari mai jakuna da mata da yara, in aka ƙaddara shi kilomita 25 ne, jirgi ya shafe shi kafin minti 2 su cika. Tafiyar da malaman Malikiyya suka ce in ta kai sai a yi sallar ƙasaru, wato mil 48 na ma'aunin da kamar yadda ya zo a Risala, abin da ya ɗara kilomita 80, wadda ake ɗauka tafiyar yini biyu ce ga raƙumi da kayansa, a jirgi ba ta wuce minti 6 ba. Miƙatin da matafiyi ke isa ya sauka ya yi wanka a tsanake, jirgi yana gitta daidai da shi cikin ƙiftawar ido, shi ya sa masu nufin Makka kai tsaye sukan ɗaura harami tun kafin su shiga. Da kuwa mai ƙafa zai bi wannan miƙaƙƙen layi, kullum zango ɗaya ba hutu ba ciwo, da kwana 136 zai yi, wata 4 da rabi ke nan.

Sai dai babu mai ƙafar da ya taɓa bin sa, kuma babu wanda zai iya. Layin yana gittawa ta arewacin Tabkin Chadi, ya ratsa hamadar ƙasar Chadi da ta arewacin Darfur, ya tsallake Kogin Nilu a wajajen Dangola, sa'an nan ya faɗa Bahar Maliya arewa da tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan. Galibin wannan ƙasa rairayi ne da duwatsu. Ita hanyar ƙafa rijiya take bi, da kasuwa, da inda ake noma, don haka ta kudu ta zarce: daga Kano zuwa Borno, a ƙetare Kogin Shari a Fort Lami, garin da aka mayar da sunansa Injamena a 1973, a nufi Abeshe a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Junaina, sai Fashir, sai Ubayyid, sai Umdurman da Hartum, daga nan a gangara Sawakin a bakin teku. Abin lura shi ne jiragen farko su ma wannan hanya suka bi, sai dai daga gabas suka taso. Jirage 3 na sojan Ingila da suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, daga Masar suka tashi ran 27 ga Oktoba, suka yi ta yada zango a irin su Hartum da Fashir da Fort Lami, domin su ma a lokacin ba sa nisa sai sun sha mai. A 1936 aka soma zirga-zirgar jirgin fasinja da wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Sai da jirgi ya yi dogon numfashi sa'an nan ya rabu da garuruwan mahajjata, ya daina sanin suna nan.

Akwai kuma wani nisa da ba a auna shi da mil, na rana. Jidda ta ɗara Kano kusanci da mafitar rana da abin da ya kai daraja 30 a ma'aunin masana taswira, rana kuwa tana cin daraja 15 a kowace awa, shi ya sa agogon Saudiyya ya riga na Nijeriya da awa 2. Wanda ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5 a sama, agogon hannunsa zai nuna ƙarfe 3, na bangon Jidda kuwa ƙarfe 5; an yanke masa dare, asuba ta tarye shi a hanya. In zai komo sai a mayar masa da abinsa, ya bar Jidda rana tsaka, ya yi awa 5, ya tarar Kano ƙarfe 3 na yamma. Mai ƙafa shi ma ya biya waɗannan awa 2, amma a hankali, ƙasa da minti ɗaya a kowane zango, har ya isa bai san an karɓi kome daga gare shi ba. A wurinsa kullum rana a kan lokacinta take fitowa.

Me ya sa talaka zai ɗauki irin wannan hanya ba shi da ko sisi? Amsar tana cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan. A mazhabar Malikiyya ikon da ke wajabta hajji shi ne ikon isa, ko da a ƙafa ne, ko da ba guzuri ba abin hawa, muddin mutum yana da ƙarfin tafiya da sana'ar da za ta ci da shi a hanya, kuma ya amince wa ransa da dukiyarsa. Haka yake a Muhtasar. Wannan hukunci shi ya saki maɗinka da dukawa da wanzamai da almajirai masu rubutun sha a kan hanyar Gabas, kowa da jarinsa a kafaɗa.

Akwai wani wanzami a wani ƙauye gabas da Haɗeja wanda Allah ya nufa ya auna wannan nisa sau biyu, sau ɗaya da ƙafa, sau ɗaya a zaune. Ya daɗe da rasuwa, amma labarin yana nan a bakin 'ya'yansa da jikokinsa. Ya tashi ne da kaka, 'yan shekaru bayan an gama Yaƙin Hitila, yana saurayi bai yi aure ba, tare da wansa, da matar wan, da ɗansu wanda aka yaye ba da daɗewa ba. A lokacin an riga an sami manyan motoci masu bin hanyar Sudan, har ma a 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, sun kafa ƙungiyar da ke kai maniyyata. Amma mota ta mai kuɗi ce. Su abin da suka fita da shi jaki ɗaya ne, da buhun gero, da tukunya, da zabira mai asake da ƙaho. Duk garin da suka isa sai su jira ranar kasuwa, su shimfiɗa tabarma a gindin itace, a yi aski, a yi ƙaho, in an dace a sami gidan suna ko na kaciya. In abin ya taru su ci gaba, in bai taru ba su zauna. Damina ɗaya a Borno suka yi ta, suna ƙwadago a gonakin mutane.

A ƙasar Wadai, tsakanin wata rijiya da wata, yaron ya kamu da ƙyanda, kwana huɗu ya cika. Suka haƙa masa kabari a gindin wata aduwa, suka jibga ƙaya a kai saboda kuraye, gari ya waye suka wuce, domin ruwan salkarsu ba zai kai su zaman makoki ba. Wanzamin ya ce har ya tsufa yana iya siffanta aduwar nan, da yadda reshenta ɗaya ya karkata arewa, amma wurin ba shi da suna.

Cikin shekara ta uku suka isa Jazira, ƙasar da ke tsakanin rassan Nilu biyu kudu da Hartum, inda Turawa suka buɗe manyan gonakin auduga na ban-ruwa bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Nan ne tarkon hanyar Gabas, kuma tarko ne mai daɗi. Akwai aiki, akwai kuɗi a lokacin tsinkar auduga, ga Hausawa da Fulani da Barebari ko'ina, waɗanda mutanen ƙasar ke kira Takari ko Fallata. Ba nisa da nan garin Mai Wurno yake, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa tare da jama'ar da suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Mutum yakan sauka da niyyar kaka ɗaya, sai a yi haihuwa, sai a ci bashi, sai a gina ɗaki. Wani masani, Bawa Yamba, ya wallafa littafi a 1995 a kan waɗannan mutane, inda ya nuna har jikokin da aka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka, ba mazauna ba.

Kaka biyu suka yi a wani ƙauye kusa da Wad Madani. Da suka zazzage abin da suka tara, sai ya zama na mutum ɗaya ne, matar wan kuwa ta sake haihuwa, ga jariri a hannu. Wan ya tura kuɗin gaban ƙanen ya ce, "Kai ne ba ka da nauyi. Ɗauki ka je, ka dawo ka same ni, baɗi in Allah ya kai mu ni ma sai in tashi." Ya ce, "Yaya, ai kai ka fito da ni." Wan ya ce, "Shi ya sa nake aiken ka." Ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ya yi kusan wata guda a Sawakin ana allura ana duba takardu, ya ƙetare Bahar Maliya, ya tsaya Arfa shekara 5 bayan barinsa gida. Da ya komo Jazira ya tarar da wan ya karɓi wata 'yar gona yana nomawa. Ya ce su koma gida tare, wan ya ce ina zai sa fuskarsa a gaban Inna ba tare da ya sauke farali ba? Shi dai ya je ya gaishe ta, ya gaya mata baɗi. Komowar ta ci shekara 2, rabi a mota rabi a ƙasa. Daga nan sai wasiƙun ajami da ke zuwa ta hannun masu dawowa, yau ɗaya, bayan shekara uku ɗaya, har suka ɗauke.

A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita har alhazan Nijeriya suka haura dubu 100 a 1977, babban ɗansa, wanda ya zama ɗan kasuwa a Kano, ya biya masa kujera. Da fari ya ƙi, ya ce ya riga ya sauke nasa, a ba wanda bai je ba. Abin da ya juya shi wata magana ce da ya ji a bakin wani alhaji, cewa jirgin ta kan Sudan yake bi. Sai ya sa aka ɗinka babbar riga mai aiki daidai tsawon wansa yadda ya san shi, ya naɗe ta a ƙasan jaka. Ɗan ya ce, "Baba, jirgin nan fa ba ya tsayawa a hanya." Ya ce, "Ko mai ba ya sha?" Ya ce, "A nan yake sha ya ƙoshi." Tsohon ya yi shiru, amma bai fid da rigar ba.

Kwana 3 suka yi a sansanin alhazai suna jiran jirgin da zai yi awa 5. Sauran maniyyata suna ta ƙorafi, shi ko a jikinsa, wanda ya yi wata a Sawakin ba ya jin kwana uku. Da dare suka tashi. Kusa da shi wani malamin makarantar boko ne, saurayi, sai ya taɓa shi ya ce, "Ɗana, in mun iso Wadai ka gaya mini, ina da wanda zan yi wa addu'a." Ya ce, "To, Baba." Aka kawo abinci, aka ci, aka kwashe. Malamin ya tsai da wata ma'aikaciyar jirgi ya tambaye ta, ta ce bari ta jiyo daga wajen matuƙi. Ta ɗan jima, ta komo ta yi masa magana da Turanci. Ya juyo ya ce, "Baba, wai mun wuce." Ya ce, "Wadan?" Ya ce, "Har Darfur. Wai saura kaɗan mu tsallake Nilu." Tsohon ya manna fuskarsa a jikin 'yar tagar, bai ga kome ba sai inuwar fuskar tasa da wata fitila da ke ƙyaftawa a bakin fiffike. Ƙasar da ta ci masa shekara uku da ɗan wansa ta wuce tsakanin ɗaukar cokali da ajiyewa. Ya karanta abin da zai karanta, ya shafa, sa'an nan ya yi sallama a hankali yana kiran sunan wan, bai ko san wajen da zai fuskanta ba. Jazira tana can dama da su, ta kudu, inda ko da rana ce ido ba zai kai ba. A Makka ya yi ta bin unguwannin Takari yana cigiya, har ya sami wani mutumin wajen Wad Madani da ya ce kamar ya san gidan, ya damƙa masa rigar. Amsa ba ta zo ba.

Da ya komo gida mutane suka taru suna yi masa barka, suna cewa, "Alhaji, yaya hanya?" Sai ya ce, "Wace hanya? Wancan karon ni na je, wannan karon kai ni aka yi." Mai nazarin harshe zai ga tsohon bai yi kuskuren nahawu ba, kuma Hausa kanta ta goyi bayansa. Kalmar da kafofin watsa labarai suka zaɓa wa wannan aiki ita ce jigila, jigilar alhazai, kalmar da ake yi wa yashi da itace da buhunan gyaɗa, abin da ake kwasa a kai a komo a sake kwasa. Maniyyaci kuma kujera yake biya, wato wurin zama, alhali kakansa takalmi yake tanada. Sauran kalmomin kuwa aro aka yi daga ayari da bakin kogi: jirgi asalinsa na ruwa ne, tashi da sauka na fatake ne, masauki ma haka. Gaisuwar nan ta "yaya hanya" ita ma ta ƙi mutuwa, ana yi wa wanda bai taka ƙasa ba tun daga Jidda.

Kada a ɗauka wannan kuka ne na son a koma jiya. Hanyar ƙafa ta ci mutane ba adadi, da ƙishirwa, da annoba, da 'yan fashi, akwai ma waɗanda aka kama aka sayar a matsayin bayi tun ba su ga Ka'aba ba. Wanzamin da kansa, da wani jikansa ya ce yana sha'awar irin tafiyarsa, cewa ya yi kul, wanda ya binne yaro a gindin aduwa ba ya yi wa kowa wannan fata. Jirgi ne ya kai tsofaffin mata da guragu da masu rauni inda da sai dai su ji a waƙa. Shi ma dai ba a ce bai karɓi nasa ba. Ran 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu, sun gama awoyinsu na sama cif, gida yana gabansu. Ran 11 ga Yuli, 1991, wani da ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa, duk mutum 261 da ke ciki ba wanda ya fita. Hanyar da takan ɗauki nata ɗai-ɗai, a ɓoye, ba mai rubutawa. Ta yanzu ba ta cika ɗauka ba, amma ran da ta ɗauka gari guda ne ke zaman makoki.

Abin da ya fi dacewa a ce shi ne nisan bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ya bar ƙafa ya koma aljihu da takarda. A 2025 kuɗin kujera a Nijeriya ya haura naira miliyan 8, kuma ko a cikinsa ana ganin sawun mil, gama masu tashi daga Maiduguri da Yola sun biya ƙasa da na Kano kaɗan, na kudu kuwa suka biya fiye. Sai fasfo, sai biza, sai katin allura, sai adadin kujerun da Saudiyya ke ware wa kowace ƙasa. Wanzamin yau, ko askarsa ta fi ta kowa kaifi, ba zai rataya zabira ya ce ya yi Gabas ba, iyakar farko za a mai da shi. Ikon isa da malamai suka yi magana a kai ya zama ikon biya, kuma manomin da ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusun adashin hajji yana iya yin shekara 5 bai cika ba, daidai shekarun da wancan ya yi a hanya, sai dai shi a zaune ya yi su a ƙofar gidansa, bai ga Wadai ba, bai koyi Larabcin kasuwa ba. A 2020 da 2021 kuwa, saboda annobar korona, ba wanda ya je daga waje ko nawa ya tara. Awa 5 ɗin nan suka zama ba su ƙetaruwa.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta ana gab da fara jigilar wannan shekara. Jiragen alhazan Nijeriya suka koma kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, har kamfanonin suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. A ranar ne mutane da yawa suka fara sanin cewa akwai wata ƙasa a ƙarƙashin awoyin nan, kuma abin da ya same ta yana iya taɓa aljihunsu. Cikin alhazan wannan shekara akwai wata jikar wanzamin, wadda ta je ta dawo ba ta bi ko ta saman Sudan ba. A watan Disamba yaƙin ya isa Wad Madani, mutanen Jazira suka watse, wasu kudu wasu gabas, da kaya a ka da yara a baya, a ƙafa.

Da labarin ya zo a rediyo, sai babban ɗan wanzamin, wanda shi ma yanzu tsufa ya kama shi, ya sa aka ɗauko zabirar uban daga cikin adaka. A aljihunta na ciki, inda ake sa asake, wasiƙar ƙarshe take, a naɗe cikin tsumma. Aka kira wani malami mai karanta ajami ya duba ko akwai sunan gari ko na unguwa da za a bi a yi cigiya. Akwai gaisuwa ga Inna, wadda ta riga ta rasu kafin takardar ta iso, da sunayen 'ya'ya biyar, da cewa gidan yana bakin babbar hanyar ruwa kusa da masallacin Takari. Ba kwanan wata, sai dai an ce an rubuta ta bayan tsinkar auduga, kuma mai ita yana sa ran tashi baɗi.